Me ya hana tsoro yanke wa ƙwaƙwalwa jini? Muhawara a zauren ma'aikatan lafiya na Zariya

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, ina roƙon manyanmu su sa baki. An koya mana cewa idan mutum ya firgita, jijiyoyin simfatetik, wato jijiyoyin saƙo masu shirya jiki don gudu ko faɗa, suna sakin sinadarin noradirenalin, shi kuma ya kama makarɓan alfa-1, wato wuraren karɓar saƙonsa da ke jikin jijiyoyin jini, sai su tsuke. Shi ya sa tafin hannu ke yin sanyi. To ai jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ma suna da alfa-1. Me ya hana su tsukewa? In haka ne, duk wanda kare ya biyo sai ya zube sumamme kafin ya kai bakin katanga.

'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ni abin da na riƙe shi ne ƙwaƙwalwa ba ruwanta da simfatetik. Iskar kabon da ke cikin jini, wadda muke fitarwa da numfashi, ita ce ke juya ta, sai kuma daidaita kanta da take yi. A kan haka muka yi bita.

Ɗan Samaru: In ba ruwanta da jijiyoyin simfatetik, me suke yi a wurin? An gan su fa, nannaɗe da jijiyoyin jinin. Allah bai ajiye su don ado ba.

Malamin Fisiyoloji: Wa alaikumus salam. Kowannenku ya kamo wani gefe. Mu fara da girman abin da ake tsarewa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana cin kusan kashi 20 na oksijin. Wajen mililita 750 ke ratsa ta kowane minti. Ba ta ajiye komai don gobe. In jini ya yanke mata, cikin sakan 10 mutum ya fita hayyacinsa. Ga ta kuma a rufe cikin ƙoƙon kai, ba wurin kumbura. Ƙarancin jini haɗari, yawansa ma haɗari.

Jijiyoyin da kake magana, ɗana, suna tasowa ne daga wani ƙulli da ke can saman wuya, a bayan jijiyar karotid, babbar jijiyar da ke kai jini kai. Su bi jikinta su shiga kai, su nannaɗe manyan jijiyoyin jini na gindin ƙwaƙwalwa da waɗanda ke shimfiɗe a samanta. Amma da zarar jijiyar jini ta nutsa cikin naman ƙwaƙwalwa, sai su rabu da ita. Ikonsu a kan manya ne na waje. To idan manyan suka ɗan tsuke, matsin da ke isa ƙananan na ciki sai ya ragu, su kuma nan take su buɗe, domin su umarninsu daga matsi yake zuwa, da iskar kabon, da buƙatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke kewaye da su. Wancan ya rage, wannan ya ƙara, sai ka auna ka ga jinin bai canza sosai ba.

Ƙara da abu biyu. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ba sa amsa noradirenalin da ƙarfi irin na fata ko na hanji. Sannan adirenalin ɗin da ke yawo cikin jini lokacin firgita ba ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sai ɗan kaɗan. Wanda kare ya biyo, an matse masa fata da hanji, zuciya ta ƙara wuta ta hanyar nata makarɓan da ake kira beta-1, matsin jini ya hau. Ƙwaƙwalwarsa ba ta cikin hatsarin rashi a wannan lokacin. Hatsarin da take ciki na ambaliya ne.

'Yar Tudun Wada: To Malam, ai maganata ce ta fito. Tunda ba sa canza komai.

Malamin Fisiyoloji: Ba sa canza komai a ranar da lafiya lau, 'yata. Ki ɗauki Ƙofar Doka. Ranar Talata da hantsi, ko akwai mai tsaron ƙofa ko babu, mutane shiga suke suna fita, ba wanda zai ce ga amfaninsa. Ranar hawan sallah kuwa, da dawakai da jama'a suka danno, shi ne zai rage faɗin hanya don kada a tattake na cikin lungu. Wanda ya zo ƙidaya ranar Talata zai rubuta cewa mai tsaron ba ya aiki.

An gwada wannan. A 1976 masana biyu, Bill da Linder, a Suwidin suka ɗaga wa kyanwoyi matsin jini farat ɗaya, suna kunna jijiyar simfatetik ta gefe ɗaya na wuya. Gefen da aka kunna ya tsira, ɗaya gefen kuwa jini ya yi masa yawa, shingen ya fara yoyo. Daga baya an auna aikin wannan ƙulli na wuya a 'yan tumaki, aka ga yana ƙara aiki ne idan matsi ya hau, ba idan ya sauka ba. Wannan kishiyar abin da simfatetik ke yi ne a sauran jiki.

Likita Mai Neman Ƙwarewa: Ranka ya daɗe, da izininka zan ja kaɗan. Kyanwa da tunkiya ba mutum ba ne, kuma dabbobin ma ba bakinsu ɗaya ba, abin da aka gani a biri ya bambanta da na kare. A 2008 mujallar Journal of Applied Physiology ta buɗe muhawara a kan wannan tambayar daidai, van Lieshout da Secher suna cewa simfatetik na tasiri, Strandgaard da Sigurdsson suna cewa ba ya yi. Manya ne duka.

Kuma ga matsalar awo. Yawancin gwajin da aka yi a mutane da na'urar Dofla aka yi, wadda ake ɗorawa a gefen kai kusa da kunne, irin wadda ake duba yara masu sikila da ita don a gano wanda ke kusa da shanyewar ɓarin jiki. Saurin jini take aunawa, ba yawansa ba. In ka ba mutum maganin da ya tsuke jijiyar, saurin zai ƙaru alhali jinin da ke wucewa bai ƙaru ba, wataƙila ma ya ragu. Ka ga na'urar tana iya ruɗar mutum a daidai tambayar da ake son ta amsa.

Malamin Fisiyoloji: Wannan ja ne mai kyau, Dakta, kuma maganar Dofla gaskiya ce. Amma ka duba ta ɗaya gefen. An ba mutane masu lafiya maganin da ke toshe alfa, wasu kuma aka toshe musu ƙullin jijiyoyin gaba ɗaya, sannan aka riƙa motsa musu matsin jini. Sai aka ga jinin ƙwaƙwalwa ya koma bin matsin, ya hau ya bi shi, ya sauka ya bi shi, fiye da yadda yake yi kafin maganin. In da jijiyoyin ba su da hannu, toshe su ba zai kwance komai ba. Ni a ganina masu cewa ba tasiri sun tsaya ne a kan mutumin da ke kwance yana hutawa, kuma a nan suna da gaskiya.

Likita Mai Neman Ƙwarewa: Na yarda da wannan iyakar. Abin da nake gudu shi ne ɗalibai su tafi da cewa alfa-1 ne ke riƙe da ragamar. Iskar kabon ta fi shi nesa ba kusa ba. Kowace milimita ɗaya ta ma'aunin matsinta da ta ƙaru a jini, gudanar jinin ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Ku dubi yarinyar da aka kawo tana numfashi sama-sama saboda tashin hankali, tana cewa kanta na juyawa, yatsunta sun ƙage. Adirenalin ya cika jikinta, amma ba shi ya rage mata jinin kai ba. Kabon ɗin da ta fitar da yawa ne.

Likitar Sa Barci: Sannunku da ƙoƙari. Bari in kawo muku abin daga ɗakin tiyata, domin mu kullum da waɗannan makarɓan muke kwana muke tashi. Mace ce za a yi wa aikin ciro jariri, an yi mata allurar baya. Allurar ta kashe simfatetik na rabin jikinta na ƙasa, jijiyoyin jinin ƙafafu da ciki suka saki, jini ya taru a can. Tun kafin na'ura ta gama awo za ki gane: ta yi hamma, goshi ya tsatso gumi, ta ce "Likita, zuciyata na tashi." Ƙwaƙwalwa ce ke sanar da ke an fara rage mata. Sai ki tura efedrin ko fenilefrin, magungunan ɗaga matsin jini. Cikin minti ɗaya ko biyu idonta ya washe, ta fara tambayar ko an ciro.

Ku lura da abin da ya faru. Fenilefrin alfa-1 zalla yake kamawa, mai tsuke jijiya ne, amma shi ne ya mayar wa ƙwaƙwalwa jininta. Ba a cikin kai ya yi aikin ba. A ƙafafu da ciki ya matse, matsi ya dawo, ƙwaƙwalwa ta samu. Shi ya sa nake gaya wa masu koyo, in kun ba da maganin da ke taɓa alfa ko beta, ku fara tambayar me zai yi wa matsin jini da bugun zuciya, kafin ku tambayi me zai yi wa jijiyar cikin kai. Fenilefrin kan rage bugun zuciya da yawan jinin da take fitarwa, efedrin kuwa yana taɓa beta ma, sai ya riƙe su. Wanne za ki ɗauka ya danganta da abin da bugun ke nuna miki a lokacin.

Ɗan Samaru: Anti, to beta fa? Ko su ba su da aiki a cikin kai?

Likitar Sa Barci: Suna nan, ƙanena, aikinsu buɗewa ne. Alfa-1 yana ƙara kalsiyam cikin tsokar jijiya ta damƙe, beta yana sa ta saki. Tun 1948 wani masani, Ahlquist, ya raba makarɓan gida biyu, alfa da beta, a Amurka, saboda ya ga sinadari ɗaya yana tsuke wani wuri yana buɗe wani. Malam ya fi ni sanin gwajin birai.

Malamin Fisiyoloji: Na masanan Gilasgo a Birtaniya, a shekarun 1970. Suka zuba noradirenalin ta jijiyar wuyan birai, ba wani abin kirki da ya faru. Suka buɗe shingen nan na tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da gangan suka sake zubawa, sai cin oksijin na ƙwaƙwalwa ya ƙaru, jini ma ya ƙaru. Wato da sinadarin ya samu shiga ciki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya zaburar, su kuma suka kira jini. Sinadarin da muke kira mai tsukewa ke nan ya ƙara gudana. Wannan yana da muhimmanci ga mai rauni a kai ko mai cutar da ta lalata shingen, domin maganin da kuka sani zai iya yin wani hali dabam a jikinsa.

Kuma ƙwaƙwalwa na da nata noradirenalin na cikin gida, daga wani ɗan gungun ƙwayoyi a gindinta da ake kira lokus seruliyus. Rassansa sun bazu ko'ina, suna kaiwa ga ƙananan jijiyoyin jini da ƙwayoyin da ke rungume da su. A 2025 ƙungiyar Maiken Nedergaard ta nuna a ɓeraye cewa lokacin barci mai nauyi noradirenalin ɗin nan yana hawa yana sauka kusan kowane sakan 50, jijiyoyin jini suna tsukewa suna buɗewa tare da shi, wannan motsi kuma yana tura ruwan da ke wanke ƙwaƙwalwa. A ɓeraye ne, ku riƙe wannan.

Hajiya Ungozoma: Ni duk wannan bayani jijjiga yake tuna min. Mace mai ciki wadda jininta a da bai wuce 100 bisa 60 ba, ta zo da 170 bisa 115, tana cewa kanta zai tsage, tana ganin walƙiya, wata ma ta ce ba ta gani sam. Alhali ga tsoho can yana yawo a kasuwa da 180 bai san yana da shi ba. Me ya sa ita take faɗuwa shi ba ya faɗuwa? Kuma me ya sa ido?

Malamin Fisiyoloji: Hajiya, kin kawo mu tsakiyar maganar. Wani masani, Lassen, a 1959 ya zana cewa ƙwaƙwalwa na riƙe jininta daidai matuƙar matsakaicin matsi, wato lambar ƙasa haɗe da sulusin tazarar da ke tsakaninta da ta sama, na tsakanin wajen 60 da 150. Binciken baya-bayan nan ya nuna filin bai kai haka faɗi ba, kuma kowa da nasa. Tsohon da ya shekara da hawan jini, bangon jijiyoyinsa ya yi kauri, iyakarsa ta sama da ta ƙasa duk sun matsa sama. Yarinyar kuwa jikinta bai saba ba, ga cutar ta riga ta raunana fatar cikin jijiyoyinta. Matsi ya fi ƙarfin tsukewarsu, suka buɗe dole, ruwa ya tsiyaya cikin nama. Batun ido kuma: jijiyoyin jinin bayan kai, masu ciyar da wurin gani, suna da ƙarancin jijiyoyin simfatetik idan aka gwada da na gaba. Masana da yawa suna ganin shi ya sa kumburin ya fi zama a ƙeya.

Hajiya Ungozoma: Allah ya saka da alheri, Malam. Shi ya sa ba ma wasa da 160 bisa 110 a mai ciki. Labetalol in akwai, wanda ke toshe alfa da beta tare, ga kuma maganiziyam don jijjigar. Masu zuwa awo kuma da yawa maganin hawan jini na Aldomet suke sha.

Likita Mai Neman Ƙwarewa: Shi Aldomet ta alfa-2 yake bi, Hajiya, a cikin ƙwaƙwalwa. Alfa-2 ne ke ce wa simfatetik ya isa haka, sai saƙon da ke fita zuwa jiki ya ragu. Shi ya sa wasu ke kukan kasala da barci.

Ɗan Ƙofar Gayan: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanwata ce ta sa ni a zauren, ku yi haƙuri. Abin da Malam ya faɗa game da tsoho ya taɓa ni. Kawuna ya daɗe da hawan jini. Wata rana kai ya dame shi, aka auna a wani shagon magani aka ga 200 bisa 120. Mai shagon ya fasa wata ƙwaya ya sa masa ƙarƙashin harshe, ya ce a jira. Da aka sake aunawa ya sauko sosai, kowa na hamdala. Kafin magariba bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Har yau raina bai kwanta da abin ba.

Likitar Sa Barci: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Yayana, ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba, domin wani lokaci shanyewar ce ta riga farawa, ita ta ɗaga jinin. Amma abin da aka yi masa ba daidai ba ne ko ta wace fuska. Ku yi lissafi: 200 bisa 120, matsakaicinsa wajen 147. Ko a asibiti, ko da gaggawa ta gaske, ƙa'ida ita ce kada a sauke fiye da kashi 25 cikin 100 a awar farko, wato kada a wuce wajen 110. In ka jefo shi zuwa 120 bisa 80, matsakaici 93, lambar ta yi kyau a ido, amma ga ƙwaƙwalwar da ta saba da sama wannan yunwa ce. Ƙwayar da aka saba sawa ƙarƙashin harshe nifedifin ce, ba ta alfa ko beta take bi ba, ƙofar kalsiyam take toshewa, kuma an daɗe da hana ba da ita haka saboda ba ka da iko da inda za ta tsaya. Wanda kuma shanyewa ta riga ta kama ta hanyar toshewar jijiya, in ba za a ba shi maganin narkar da gudan jini ba, ba a ma taɓa matsin sai ya haura 220 bisa 120.

Mai Kemis a Sabon Gari: Wallahi wannan magana ta shafe mu, kuma ina roƙon 'yan'uwana masu shago su karanta ta da kyau. In ka auna ka ga lamba irin wannan da ciwon kai, aikinka ka tura asibiti, ba ka nuna gwaninta ba.

Ni kuma ga tawa. Hunturu ya shigo, kowa mura, kowa "ba ni na toshewar hanci". Yawancinsu akwai sudoefedrin ko fenilefrin a ciki, masu kama alfa ne, haka suke buɗe hanci. Ina jin tsoron ba masu hawan jini, amma sai mutum ya ce ai maganin mura ne kawai.

Likita Mai Neman Ƙwarewa: Tsoronka na kan hanya, Alhaji. Akwai ɗan'uwansu, fenilfurofanolamin, da hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye a Nuwamban 2000, bayan binciken jami'ar Yale ya danganta shi da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, musamman a mata. A ƙarshen 2023 kuma hukumar magunguna ta Turai ta ce kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su sha sudoefedrin, saboda irin kumburin ƙeyar nan da Malam ya bayyana da kuma damƙewar jijiyoyin kai. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru babba ne. Ka auna kafin ka miƙa. Wanda ya sha kuma ya ji ciwon kai ya sauko masa farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, ya daina, ya nufi asibiti a ranar.

'Yar Tudun Wada: To a nan dai maganin ya taɓa jijiyar kai da kansa ke nan, ba ta matsi kaɗai ba.

Malamin Fisiyoloji: Duka biyun. Ya ɗaga matsi, kuma a wasu mutane manyan jijiyoyin nan na waje suna damƙewa wuri-wuri, har a gani a hoto.

Mai Kemis a Sabon Gari: Saura tsofaffinmu masu matsalar fitsari. Ana rubuta musu tamsulosin ko doksazosin, sai ɗa ya dawo ya ce Baba ya faɗi a bayi da dare.

Likitar Sa Barci: Waɗannan alfa-1 suke toshewa don mafitsara ta saki, amma jijiyoyin jinin ƙafa ma da alfa-1 suke matsewa. Mutum in ya miƙe tsaye, jini wajen rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙasa, simfatetik ne ke matse shi ya dawo. Ka toshe wannan, ka haɗa da zafin watan Afrilu ko azumi, tsoho ya zabura daga shimfiɗa cikin duhu, sai jiri ya ɗebe shi. Doksazosin ya fi yin haka, musamman a kwanakin farko ko in an ƙara yawansa. A auna shi a kwance, a sake aunawa bayan ya tsaya. In na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10 cikin minti 3, a koma wurin wanda ya rubuta maganin.

Mai Kemis a Sabon Gari: To a ce masa ya daina sha kafin ya koma?

Likitar Sa Barci: In ya faɗi ko ya suma, kada ya sha na gaba sai likita ya gan shi, kuma a kai shi a ranar, domin fitsarin na iya riƙewa. In jiri ne kawai, ya ci gaba, amma ya zauna a bakin gado ya motsa ƙafafu kafin ya miƙe, a bar masa fitila da buta kusa, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Ka tambayi ɗan kuma ko Baba na shan wani maganin hawan jini ko na ƙarfin maza a gefe, domin haɗuwarsu ce ta fi kayar da su.